Ruwan Randa a Tankin A-kori-kura

Da asuba muka shirya tashi daga Haɗeja ran Talatar makon jiya, amma motar ba ta yarda da mu ba sai da rana ta fito. Ga dalilin tafiyar. Mahaifiyata ta kwanta ciwo tun kaka, kuma da jikin ya yi tsanani ba ta da zance sai na yayarta, wadda muke kira Inna, da ke aure a wani ƙauyen masunta can bayan Baturiya. Rabonsu da juna an daɗe. Duk sanda na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ka aika wa Yaya? Akwai maganar da nake so in gaya mata." Inna kuwa ta tsufa, ba ta iya hawan jaki, balle tafiyar ƙasa. Shi ya sa na roƙi aron a-kori-kurar wani abokina mai sayen gyaɗa, ya haɗa ni da direbansa.

Motar nan, jama'a, ta ga duniya. Wani Baturen kamfani ne ya gaji da ita ya sayar. Direban kuwa tsohon soja ne, a yaƙin Bama ya koyi tuƙi, tsakinsa ya fi maganarsa yawa. Ana ɗari irin mai shiga ƙashi. Ya ja cok, abin da ake ja don inji ya tashi cikin sanyi, ya taka, motar ta yi gyaran murya sau ɗaya ta yi shiru. Batir ba ƙarfi. Sai ya zaro hendil, ƙarfen da ake sokawa ta gaba a murɗa inji da hannu, ya miƙo mini. Ni da sana'ata ɗinki! Na murɗa, na murɗa, har kafaɗata ta fara ƙara. Ya ce sanyi ne ya daskarar da man inji. Ya karɓo garwashi a kasko wajen mai ƙosai ya tura ƙarƙashin motar, ni dai na ja da baya ina salati. Sannan ya buɗe saman kafireto, inda fetur ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, ya ɗiga masa mai da murfin kwalba. Murɗawa ta gaba ta tashi, da hayaƙin da ya watsa kajin maƙwabta.

Daga bayan gari hanyar En'e ce, da dama-dama. Da muka sake ta muka shiga fadama, nan wahala ta fara. Ruwa ya ja baya ya bar laka ta bushe da sawun shanu, motar na tsalle, haƙoranmu na haɗuwa. Amma akwai abin kallo. Ga masu yankan shinkafa, ga masunta kwance a kan gora suna yawo a tsakiyar tafki, ga tsuntsaye, su dinya da kirinjijiya, sun rufe ruwa. A wani mashigi muka sayi gasasshiyar tarwaɗa, wadda a kasuwar Haɗeja sai ka ba da sule, nan taro aka ce, har da gyara.

Ba mu yi nisa da mashigin ba motar ta fara tari, ta yi ta fizga, ta mutu. Direba ya yi tsaki, ya shimfiɗa hularsa a ƙasa, ya kwance kafireto ya jera ƙananan ƙarafan a kai. Ya nuna mini wata 'yar kafa da ba ta fi ta allura ba, ya ce ta nan duk man yake bi, tsatsar tanki ce ta toshe ta. Ya kafa baki ya hura, ya tofar da fetur, ya mayar. Haka muka yi ta yi a hanya har na daina tambaya. Sai dab da magariba muka shiga ƙauyen, a gajiye liƙis.

Inna na jin abin da ya kawo ni ta tashi ta ɗaure kayanta, ta ce mu juya. Direba ya ce fitilar motar ɗaya ce, ba ya shiga fadama da duhu, sai asuba. Don kada a ɓata lokaci da safe, ya sauko da garwar fetur ya juye a tanki tun da sauran haske. Mijin Inna, dattijo mai karamci wanda ya yi kiwon doki a ƙuruciyarsa, yana zaune a bakin zaure yana kallo daga nesa. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci muka kwanta.

Da asuba muka yi salla, Inna ta shiga gaba ta zauna da ƙullinta a cinya. Cok, garwashi, murfin kwalba, hendil, duk muka maimaita. Motar ta tashi, muka yi hamdala, ba ta kai bakin ƙauye ba ta mutu. Aka sake ɗiga mai, ta tashi, ta cinye abin da aka ɗiga, ta mutu. Mazan ƙauye suka taru suka tura mu har gindin wata tsamiya, suka turo mu baya. A banza. Direba ya cire fulogi ya goge ya gasa su a wuta, ya duba wayoyi, ya sake hura 'yar kafar nan. Hantsi ya yi, ɗari ya sake, ba sauran laifin da za a ɗora wa sanyi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don duk murɗawar da na yi tsohuwata nake gani a kwance tana sauraron ƙofa.

A ƙarshe ya kwance kwanon kafireto ya juye a tasa. Ya kira ni, ya ce in duba. Fetur a sama, a ƙasa kuwa wani abu na birgima kamar ƙwayar ido. Ya ce, "Ruwa ne. Kuma ba kaɗan ba." Mijin Inna ya matso da fara'arsa ya ce, "Ai ni na ba ta, ɗana. A gidan nan baƙo ba ya shayar da abin hawansa da kansa. Jiya na ga ka ba ta garwa guda, na ji kunya, shi ne na riga ku tashi na ƙara mata. Kada ka damu, na randa ne, ba na kogi ba, har tacewa na yi."

Wayyo Allah! Su a can garwa ta ruwa ce, ba su san ta da wani abu ba. Na ga jijiyar wuyan direba ta tashi, na yi maza na taka masa ƙafa. Ya haɗiye, ya ce, "Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Sai dai ta ƙoshi da yawa." Inna tana cikin mota, ba ta ji ba.

Aiki ya dawo sabo. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance toshiyar tanki, muka tari man a tasoshi da ƙore, muka bari ruwan ya kwanta, muka riƙa tsiyaye na sama a hankali. Ya hure bututun mai da bakinsa har leɓensa ya yi fari, ya shanya kafireto a rana. Dattijon yana ta taya mu riƙe ƙwarya, yana tambaya ko a ƙaro. Sai bayan azahar muka kama hanya, motar na tari da fizga, don ruwan bai fita duka ba, amma wannan karon ba ta mutu a hanya ba. Ban ga tsuntsu ko ɗaya ba a komowa, ban kuma ji yunwa ba. Inna kuwa sai jan carbi take yi.

Ana kiran magariba muka shiga Haɗeja. Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne: mai tsohuwar mota ya kwana kusa da ita, kuma wanda ya ɓata maka rana ba lalle ne maƙiyinka ba, ka ma rasa wanda za ka yi wa fushi. Har yau ban gaya wa Inna abin da ya tsayar da mu ba, ba kuma zan gaya mata ba.

Mun tarar da tsohuwa da rai. Inna ta zauna a bakin gado ta kama hannunta ta ce, "Ga ni, na zo. Faɗa mini." Tsohuwa ta buɗe ido, ta gane ta, leɓenta ya motsa, amma murya ba ta fito ba. Ƙanwata da ke jinya ta jawo ni waje ta ce har azahar tana magana sarai, tana tambaya ko an ji ƙarar mota.