Murfin Kwata da Takardar Sadisu

Lanham, 5:50 na asuba

Muna sallame salla muka fito, ni da ƙanina Sadisu, wanda na je wa ziyara a Amurka. Shekararsa tara a can yana aikin haɗa magunguna, kuma a lokacin yana jiran takardar zama ɗan ƙasa. Ita ce hirarsa safe da yamma. Ni kuwa shekara ashirin na yi a sashen magudanun ruwa a Kaduna, inda muke sa wa ramin kwata murfin ƙarfe yau, gobe 'yan gwangwan su ɗauke. Don haka duk garin da na shiga, ƙasa nake fara kallo.

A bakin layinsu na ga murfi an zana masa kifi da ƙaguwa, da rubutu cewa ruwan nan teku yake tafiya. Abin ya burge ni, mutane suna lallashin juna kada a zuba shara. Amma na kasa yarda cewa murfin ba a ɗaure yake ba. Na tsuguna ina dubawa, sai na ga labulen gidan da ke kallonmu ya motsa.

"Yaya, don Allah tashi," in ji Sadisu. "Nan ba a tsugunno a titi."

New Carrollton, 6:25

Minti goma a mota ya kai mu tashar jirgin ƙasa. Lasifika sai nanatawa take, wai duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya kai rahoto. Na dubi mutanen tarago, kowa ya sunkuyar da kai a jarida. Na ce a raina munafunci ne, kowa kallon kowa yake ta wutsiyar ido. Ni ma haka na yi har muka sauka, bayan kusan minti ashirin da biyar.

Washington, 7:30

Muka sha shayi da burodi mai huda a tsakiya, mai tauri kamar roba, sannan muka taka. Sadisu yana nuna mini manyan gine-gine, ni ina ɗaukar hoton murafe. Wani mai zanen saƙar tabarma, wani mai tauraro, na wuta daban, na waya daban. Wani ma an rubuta a Indiya aka ƙera shi, na yi dariya har da riƙe ciki.

Kusa da wani ginin gwamnati na ga wanda aka yi wa walda a gefe. Na ce yawwa, ashe su ma suna da ɓarayi! Na ciro tef ɗin awo, na auna faɗinsa, na zura makulli a gefen don in ga ƙarfin waldar.

Ban ɗago ba sai takalma huɗu a gabana. 'Yan sanda biyu ne, mace da namiji. Macen ta tambayi abin da nake yi. Na yi mata bayani da Turancina na ofis, cewa a garinmu sace su ake yi. Ta ce wa zai saci murfin kwata? Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ba ta amsa, Sadisu ya matse mini hannu.

"Yaya, yi shiru. Ba don ɓarayi suke waldar ba, don masu dasa bam ne."

Suka karɓi fasfona, suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, arba'in da wani abu, babu mutum ko ɗaya a ciki. Namijin ya tambayi inda na sauka. Sadisu ya miƙa katin shaidarsa, ina gani aka rubuta sunansa da lambar gidansa a ɗan littafi. Bayan minti hamsin suka sallame mu, har da yi mana fatan alheri. Wannan fara'ar tasu ta fi komai tayar mini da hankali.

Komawa

A jirgi na ce, "Sadisu, ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya."

Muka koma gida Lanham. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa, bai ci ba.

Bayan kwana shida na taso, ta Frankfurt zuwa Abuja, na iso Kaduna ranar Laraba da la'asar lafiya lau. Na gode wa Allah, na gode wa Sadisu da iyalinsa da suka riƙe ni da mutunci.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan takardar Sadisu ba ta fito ba. Ya ce jinkiri ne irin na ofis, wasu ma suna jira. Wataƙila haka ne. Amma da, duk Juma'a shi yake kirana. Yanzu ni nake kira, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa zancen takardar ba, sai dai in tambayi matarsa.