Sirajudeen, Mai Wanke Takalman Masu Taka Ƙanƙara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 9 ga Afrilun 2025, kwana goma bayan ƙaramar salla, ina tsakiyar duba marasa lafiya a asibitin da nake aiki a Washington, ƙanwata Talatu ta kira ni. Ba ta iya haɗa magana ba, sunanka kawai take maimaitawa. Kafin in isa gidanku a Hyattsville rai ya yi halinsa. Zuciya ce ta tsaya, kana da shekara hamsin da takwas. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana ratsa teku mai hauka, sai ga shi ajali ya same shi a falonsa, da kofin shayi a gefensa, mako biyu da dawowarsa gida. Haka Allah yake ikonsa.

Sirajudeen, mijin ƙanwata, ɗan Zangon Kumasi. Mutane sun faɗi alherinka a masallaci da wajen zaman makoki, kuma duk gaskiya suka faɗa, in ban da abu guda. Wannan abu gudan ni na ƙirƙire shi, ni na ɗora maka, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami yau.

Ka shekara goma kana tuƙin tasi a birnin nan kafin ka samu aiki a jirgin ruwan da ke kai masu yawon buɗe ido ƙarshen duniya. In hunturu ya shigo mana nan, kana can kudu, Antaktika. In bazara ta yi, jirgin ya juya arewa, inda rana ke ƙin faɗuwa wata da watanni. Aikinka a wani ɗaki yake can ƙasan jirgi, kusa da ƙofar da ake shiga kwalekwalen roba a tafi tudu. Ɗakin takalma ake ce masa. Dokar wuraren nan ita ce kada baƙo ya kai musu komai daga wata ƙasa, ko ƙwayar iri, ko tsinken ciyawa, ko ɗigon laka, don abin da ya tsiro a can ko cutar da ta shiga cikin tsuntsayen can ba mai iya mayar da ita baya. Saboda haka duk fasinja sai ya bi ta hannunka, fita da shigowa. Ka goge masa takalmi da buroshi, ka tsoma a ruwan magani, ka zuƙe aljihunsa da inji, ka bi ɗinkin rigarsa da hantsaki. A taƙaice, wankin takalma kake yi.

Ni kuwa a lokacin girman kai yana ɗibata. Shekarar da ka fara aikin, muna wajen walimar suna a Wheaton, kana gefena ka zo hutu, wani abokin aikina ya tambaye ni me surukina yake yi a jirgi. Na dubi likitocin da ke teburin da malaman jami'a, sai bakina ya riga ni, na ce injiniya ne. Kai kuwa ka ci gaba da cin shinkafarka. Kafin wata ya zagayo sunan ya bi gari. Injiniya Siraj a masallaci, Injiniya Siraj a shagon kayan miya.

A mota, kan hanyar komawa, ka yi magana sau ɗaya tak, da Hausarka ta Zango. Ka ce, "Yaya Likita, ni ba ni ƙaryata babba cikin mutane. Kai ka ɗaura min rawanin nan, kai za ka kwance shi." Na yi dariya na ce ai duk aikin jirgi ne. Daga ranar duk wanda ya kira ka injiniya sai ka ce masa, "Siraj ya isa," ka wuce. Mutane suka ɗauka tawali'u ne, suka ƙara ganin girmanka, ni kuma na samu wurin ɓuya.

Tawali'un ma akwai shi. Wa ya manta jajayen rigunan sanyin nan? Kowane fasinja ana ba shi guda, wasu su tafi da tasu, wasu su bari. Ka nemi izini kana tara waɗanda aka bari, ka wanke, ka cika jaka biyu duk dawowa, Talatu tana faɗa wai ka koma ɗan gwanjo. Duk baƙon da ya sauka daga Accra ko Kano ko Zinder da 'yar shadda a jikinsa cikin Disamba, sai ya tarar da rigarsa tana jiransa a masallaci, ba tare da ya san daga ina ta fito ba. Har yau in ka bi ta tashoshin bas na Hyattsville da sanyi, ka hango mai jar riga, yi masa sallama da Hausa, zai amsa.

A Janairun 2019 ka samo min gurbi a jirgin cikin rangwamen da ake yi wa iyalan ma'aikata. Muka tashi daga Ushuaia, can ƙurewar Ajantina. Kwana biyu muna ratsa tekun da ke tsakani, kuma a nan na san likitanci ba ya hana amai. Jirgi ya kwanta dama ya kwanta hagu, masu hidima suna jiƙa mayafin tebur don kada faranti ya gudu, ni kuwa ina kwance ina kalmar shahada. Kai ka riƙa hawowa daga ƙasa tsakanin aiki da aiki, da ruwan citta da busasshen biskit, kana ce min, "Yaya, kalli nesa, kar ka kalli kusa." Na ga ɗakin kwananka, ƙasa da saitin ruwa, ba taga, gado bisa gado kai da wani ɗan Filifin, daddumarka a naɗe a kan ƙusa. Rana ba ta ba da lokacin salla yadda muka saba, sai ka liƙa jadawalin garin da muka baro a bango kana bi.

Rana ta uku da safe teku ya kwanta. Na leƙa na ga duwatsun ƙanƙara sun kewaye mu, wasu farare, wasu shuɗi kamar an turo su daga marina. Aka yi shelar saukar farko. Na sa jar rigata na shiga layin ɗakin takalma ina ta fara'a, don a zatona mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Ashe matata, saboda tsoron kada sanyi ya kama min ƙirji, ta ƙulla min habbatussauda a leda, ni kuma na cusa a aljihun rigar tun ranar da aka ba ni ita. Da jirgi ya yi ta jijjiga ni, ledar ta fashe. Ka sa hannu a aljihuna, ka fito da shi baƙi ƙirin. Ƙwayoyin sun shiga ɗinki, sun maƙale a mannen hannun riga kamar ƙarangiya, sun bi safar hannu da hula da wando, har da jakar kyamara. Ka dube ni, ka ce in koma gefe.

Na yi ƙasa da murya na ce, "Siraj, habbatussauda ce fa. Magani ce. Me za ta tsiro a kan ƙanƙara?"

Ka ce, "Ko tana tsira ko ba ta tsira, Yaya, ba a hannuna za a gwada ba."

Na ce, "Ni fa yayan matarka ne."

Ka ce, "Shi ya sa zan tsince da kaina. Ƙasar nan ba ta da mai ita da zai tsaya mata. Amana ce."

Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba. Ina tsaye ina kallo kwalekwale bayan kwalekwale suna tafiya, tsofaffin Turawa masu sanda suna wuce ni. Sai da ka sallami kowa, ka jira suka dawo, ka wanke takalmansu, sannan a lokacin cin abincinka ka zauna a kan benci da fitila a goshi da hantsaki a hannu. Awa uku kana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya kana zubawa a kofi. Ni da nake taƙama da aikin tiyata, na zauna ina kallon hannunka, ban ga inda ya yi rawa ko gaggawa ba. Tun ina huci har na karɓi ɗaya hantsakin na kama wandon.

Ana cikin haka wani dattijo mai kayan aiki shuɗi ya leƙo neman ka. Ka ce min Kenneth ke nan, babban injiniyan jirgin. Ga injiniyan gaske a gabana, ga wanda na yi wa naɗin ƙarya a gefena. Da ya ji ni surukinka ne sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce in injinsa ya lalace gobe zai gyara, amma abin da Siraj yake tsarewa in ya lalace babu gyara. Ya ce ko kyaftin ba ya taka tudu sai ya ɗaga maka tafin takalminsa ka duba. Washegari na ga haka da idona.

A ranar ce ni ma na samu sauka. Na tsaya a cikin dubban tsuntsayen fengwin suna tafiya tinƙis-tinƙis ba ruwansu da mu, ga wari, ga hayaniya, ga farin da ido bai iya kai ƙarshensa. Na duba ƙasa ban ga ko ɓawon alewa ba, duk da dubban mutanen da suka taka wurin. Nan na yi alfahari da kai irin wanda ban taɓa yi da wani nawa ba, na kuma ɗaukar wa kaina alkawarin ina komawa gida zan gyara maganata.

Ban gyara ba. Na ce sai an samu taro, da aka samu taro na ce ba lokacinsa ba ne. Shekara shida ina haka. Labarin ƙanƙara da tsuntsaye na ba da shi ya fi sau ɗari, ɗakin takalma kuwa nakan tsallake shi. Ba ka sake tuna min ba, ko da wasa.

Ranar jana'izarka liman ya ce a yi wa Injiniya Sirajudeen addu'a, jama'a suka amsa, ni ma na amsa kaina a sunkuye. An kwana ana ruwa, maƙabarta ta yi caɓi. Muka dawo gidanka, mutum ya fi sittin, kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, jar laka ta yi musu kaca-kaca. Bayan la'asar na fito in amsa waya, sai na tarar da 'yarka Mubina, wadda ta kammala jami'a bara, durƙushe a baranda da bokiti. Ta buɗe jakarka da ba a riga an kwance ba, ta ɗauko buroshinka mai baƙin mariƙi. Tana bin takalman jama'a ɗaya bayan ɗaya, har tsagin tafin, tana jerawa ƙafa biyu-biyu, hancinsu na kallon waje, yadda kake jera na fasinja.

Na ce ta bari, ba aikinta ba ne yau. Ta ɗago, da 'yar Hausarta da takan haɗa da ƙyar, ta ce, "Kawu, babana bai taɓa jin kunyar aikinsa ba. Ku ne kuke ji."

Na naɗe hannun babbar rigata, na durƙusa kusa da ita, ta miƙo min tsumma. Haka masu fitowa suka same mu.

To, jama'ar Hyattsville da Wheaton da duk inda wannan takarda ta kai, ku shaida. Sirajudeen ba injiniya ba ne, bai kuma taɓa cewa shi injiniya ne ba. Ni Maitama, yayan matarsa, ni na faɗa, kuma ƙarya na yi. Mai wanke takalma ne a jirgin ruwa, shekara goma sha huɗu, kuma a duk danginmu, da likitocinmu da masu digirinmu, ban san wanda ya riƙe amanar aikinsa kamarsa ba. Siraj, na kwance rawanin. Na makara, ka yafe min.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata Talatu, da Mubina, da 'yan'uwansa na Kumasi, da abokan aikinsa da suka aiko cewa sun rataye fitilar goshinsa a ɗakin takalma. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya jiƙanka, Sirajudeen, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Akwai addu'ar da muke yi wa kowane mamaci tun muna yara, ban taɓa jin ta zauna wa mutum daidai kamar kai ba: ya Allah, ka wanke shi da ruwa da ƙanƙara da raɓa, ka tsarkake shi daga kurakurai, kada ka bar masa ko ƙwaya guda. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.