Akushin Madugun Azbin

Kowace shekara, da an gama yankan dawa, ayarin Buzaye kan sauka gidanmu a Bebeji. Daga Azbin suke tasowa, can ƙasar da muke kira Faransa a lokacin, su ƙetaro iyaka da kantun gishiri da kanwa da dabino a kan raƙuma. In za su koma su ɗauki dawa da gero, su biya Kura su sayi baƙin rawani. Mahaifina ne mai masaukinsu. Raƙumansu su kwana a gonarmu su bar mana taki, mu kuma mu haɗa su da masu hatsi na gaskiya. Madugunsu, wani dogon dattijo, aminin Baba ne tun ba a haife ni ba. Kullum amawalin rawaninsa a jaye yake har kan hanci.

Baba ya rasu da damina, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai, gida ya dawo hannuna. Ni kuwa mutum ne mai saƙe-saƙe, ko rumbu na rufe sai na koma na duba. Ga shi na ji ana cewa wani attajiri a Kiru ya daɗe yana zawarcin ayarin nan. In suka koma can, zumuncin da Baba ya bari ya mutu a hannuna ke nan.

Da suka iso, madugu ya yi mini ta'aziyya, ya daɗe riƙe da hannuna. Na sa matata ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na kai akushi zaure da kaina. Na ce a raina ba zan bar baƙon Baba ya ci shi kaɗai kamar marar galihu ba. Na zauna gabansa, na wanke hannu.

"Bismilla, Baba."

"Alhamdu lillahi, maigida," ya ce, ya ƙara jan amawali sama. Bai taɓa ba.

Washegari na ce miyar ce ba ta yi masa ba, aka yi ta kuɓewa. Haka. Na yanka zakara. Haka. Hira kam muna sha, ta ruwan bana da ta hanyar Damagaram, amma yadda na kawo akushi haka nake mayar da shi. Sai ƙwallayen dabino nake gani a gefen tabarmarsa. Na shiga neman laifina. Ko gaisuwata ce ta yi gajarta? Ko gani yake ɗan elemantare bai isa riƙe baƙi ba? Ran da na hango ɗaya daga mutanensa ya hau raƙumi ya nufi hanyar Kiru, na ce shi ke nan, can za su koma.

Inna ta tare ni a tsakar gida, akushi na hannuna.

"Kai, wai kajin gidan nan za ka ƙarar? Me ya hana dattijon nan ci?"

"Inna, ina jin tashi zai yi. Na zauna gabansa na yi ta roƙo, ko loma."

"Gabansa?" Ta riƙe haɓa. "Gabansa ka zauna ka zuba masa ido? Duk shigar da ka yi zauren nan kana ƙarami, ina idonka yake?"

Sai na tuna. Na sha tarar da su suna cin abinci, Baba na fuskantar ƙofa, madugu na fuskantar bango, kowa da akushinsa. Har na taɓa rugowa na gaya wa Inna sun yi faɗa.

"Ba ya buɗe bakinsa gaban wanda yake jin nauyinsa," in ji ta. "Da yaro ya ɗauke ka, da tuni ya cinye har ƙashin zakaran. Je ka a ɗumama masa, kada ka kashe mana baƙo da ladabi."

Na koma zaure, na ajiye masa nasa, na ɗauki nawa na juya ina fuskantar ƙofa. In wani ya gifta ya ga na ba dattijo ƙeya fa? Can na ji an ɗaga faifai, sannan cokalinsa na itace ya fara taɓa akushi.

"Maigida," ya ce daga bayana, muryarsa tar, yadda ban taɓa jin ta ba. "Miyar kukar nan ta ran farko, a ce wa amarya ta sake yi. Ƙanshinta ya azabtar da ni."

"To, Baba." Na kasa haƙuri. "Wanda ya tafi Kiru fa?"

"Igiya ya je saye. Ko ita ma a gidan nan ake tufka ta?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Na zabura zan miƙa masa ruwa, na tuna, na tura buta ta baya da hannu ɗaya.

Sun ci gaba da sauka gidanmu har lokacin da motoci suka karɓe dakon gishiri. Bakinsa dai ban gani ba, amma akushinsa bai sake komawa cikin gida da tuwo ba.