Dutsen Awon Bature a Khumra

Jama'a, wata uku ke nan ina bibiyar tarihin wani Baturen Ingila na zamanin jiragen ruwa masu filafilai. Da fataucin yadi da barkono ya fara, har aka naɗa shi magajin garinsu, shi ke bi rumfa-rumfa yana duba ma'auni, mai gaskiya ya buga wa dutsen awonsa hatimin kambi. Sai ga Kawu Sale, mai gadin wani sito na tsofaffin ƙarafa a unguwar Khumra, can bayan gari, ya turo mini hoton dutsen awo na tagulla, baƙi ƙirin, da kambi a jiki. Ya ce washegari ƙarfe tara na safe mota za ta kwashe kayan zuwa narkarwa.

Safa

Biyar da rabi na fito daga unguwarmu, Safa. Direban da na kira a waya ya ji Khumra, ya ce halas, ba ya zuwa. Na biyu ma haka. Shida da kwata na samu wani ɗan Nijar mai kai ma'aikata, riyal goma sha biyar, na matsu tsakanin buhun siminti da wani mai gyangyaɗi.

Hanya

Muka tarar da shinge, aka bi mu ɗaya-ɗaya ana duba iƙama, wato takardar izinin zama, minti arba'in cur. Na yi ta ba direba labarin Baturena. Ya ce shi dai in Baturen ba zai zama kafilinsa mai tsaya masa a ƙasar nan ba, in bar shi ya ji da tuƙi.

Khumra

Tara saura minti goma na dira da gudu. Kawu na zaune da shayinsa, ko a jikinsa.

"Kawu, an kwashe?"

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Tun jiya na roƙi mai sito, ya bar maka."

Ya miƙo wani abu a tsumma, yana ƙyalli kamar zinariya. Na juya, na sake juyawa. Sumul, ba kambi, ba harafi.

"Ai ba a ba baƙo abu da datti. Injin goge ƙarfe na aro, har zanen nan sai da na fitar."

Na ce Allah ya saka, ya zan yi? Ya haɗa ni da burodin tamis da wake, na ci ba na jin ɗanɗano.

Sha ɗaya na iso gida lafiya, alhamdulillahi. Godiya ga Kawu da direba. Dutsen kuwa Umma ta karɓe, da shi take danne murfin tukunya.