Hantar Layya da Idon Sakina

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu aka cire ni aka kai ni hawashar wani, wato gonarsa, tsinkar auduga. Ɗan abin da na sani a bakin kakata Hajja Inno na ji shi, a ƙauyenmu kusa da Mai Wurno. Da an yi sallar magariba sai ta hura wuta da karan auduga, mu zagaye ta.

A shekarar da nake ba da labari ƙanwata Sakina ta kamu da dundumi. Da rana garau take. Rana na faɗuwa sai ta shiga laluben bango, ta yi karo da tulu, har sau ɗaya ta taka garwashi. Ba abin mamaki ba ne: tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, safe da yamma, shi ke nan. Madarar akuya kuwa garin Sinnar ake kai ta a sayar. In an yi yanka, maza su kewaye hanta su cinye ta ɗanya da barkono da lemun tsami, abin da ake kira marara. Yara sai ƙafa da hanji.

Hajja ta san hanta ce maganin. Amma Baba ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta dube shi ta yi masa faɗa. Sai ta jira ana jibi Layya, Baba na kishingiɗe a kan gadon igiya bayan danga.

"Ku matso, 'yan banza, ga wata tatsuniya ta iso da zafinta," in ji ta, da murya sama da yadda ta saba.

Wai an yi wani maigida mai son hanta. Duk dabbar da aka yanka, shi zai cinye hantar, ya ce yara ba su da haƙoranta. Ashe fitilar ido a cikin hanta take. 'Ya'yansa suka girma ƙarti, amma ba mai gani bayan magariba. Ran nan, bayan ya tsufa, kura ta shigo ta ja shi ta ƙafa. Ya yi ta ihu. 'Ya'yan suka fito da gudu suna lalube, suka rungumi turmi suka kai ɗaka, suka lulluɓe shi da bargo suna cewa, "Sannu Baba, ka tsira!"

Muka fashe da dariya. Sakina ta ce, "Hajja, shi uban fa?"

"Shi ai yana gani sarai, ɗiyata. Har haƙoran kurar ya ƙirga."

Daga bayan danga Baba ya yi gyaran murya. "Tsohuwa, wannan tatsuniya ban taɓa jin ta ba."

Hajja ta dubi wuta. "Yara, ku gaya wa wancan mai tarin, da ku nike, ba da shi ba."

Ranar Layya baffannina suka zo da barkononsu, suna wasa wuƙa. Baba ya ciro hantar, ya wuce su, ya ajiye ta gaban Hajja. Ba wanda ya dubi wani. Ta gasa, ta riƙa ba Sakina kaɗan-kaɗan, ta shanya saura. Kafin rago ya ƙare yarinya ta daina bin bango. Wata magariba ta nuna sama ta ce, "Miye waɗancan?" Taurari ne.

Yau ina dako a kasuwar Wad Madani. Ina ganin yara masu jan gashi da ƙaton ciki, ubanninsu na cin marara a bakin mahauta. Ni ba ni da kunya, nakan gaya wa mutum a fuskarsa cewa hakkin ɗansa yake haɗiya. Sai a zage ni, a ce in je in ji da gidana. Shekaru ina wannan haushi, ban juya ko mutum ɗaya ba. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, ta karɓe hanta daga bakin maza da kura da turmi, ba ta ko kama sunan ɗanta ba.