Malam Iliyasu Dubagari, Wa Zai Duba Mana Hatsi?

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata 17 ga Yuni, 2025, ina bakin aiki a ƙaramin asibitinmu na Kangire, labari ya iso cewa Malam Iliyasu Buba, dubagarin da ke zagaya kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram, ya rasu bayan gajeriyar jinya.

Malam, ka tafi a lokacin da muka fi bukatarka. Farkon damina ne ake raba irin masara mai jan magani, wanda aka yi don shuka. Wasu marasa tsoron Allah kan wanke shi, su shanya, su kai kasuwa. Wasu ma niƙa shi suke yi, su zuba a leda mai hoton jariri ƙato, su rubuta garin kunun yara. Ni nake karɓar yaran suna amai, kai kuma kake bin sawun buhun har inda ya fito.

Ba ka binne abin da ka kama, domin ka san yunwa za ta sa a tone. Ƙonawa kake yi, ka tsaya a rana har ya zama toka. Wannan ya jawo maka zagi. A Gwaram wata tsohuwa, Inna Turai, ta bi ka tana kuka, wai ka ƙone abincin jikokinta. Washegari ka ɗauro mata gero a babur daga rumbunka, ta karɓa tana ci gaba da faɗa, kai kuwa kana ta dariya. Na taɓa tsokanarka cewa kai kaɗai ne ma'aikacin da ke kama kaya ya koma gida da asara. Ka ce, "Na'ima, gara ta zage ni da ta binne jika."

Gaskiya raina ya ɓaci da mu duka. Mun bar maka aikin kai kaɗai, muna yabonka daga inuwa. Tun kana kwance ledojin suka dawo kan tebura, babu mai ɗaga ido.

Shekaranjiya Juwairiyya, wata matashiya daga Wurno, ta kawo ɗanta da ragowar irin wannan garin kunun a hannu. Mun yi iya ƙoƙarinmu, yaron bai tashi ba. Da ta goya gawar, sai ta miƙo mini ledar ta ce, "Malama, wa zan kai wa wannan?" Na karɓa, ban sami sunan da zan faɗa mata ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Hapsatu da 'ya'yanka da 'yan'uwa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba Juwairiyya dangana, Ya tsare mana sauran yaran.