Kifin da Ba Shi da Tsutsa

Duk wanda ya taɓa cin kifi a rumfar Doña Casilda ya san sai an nuna masa tsutsa kafin a miƙo masa abinci. Ni na fi kowa sani, don rumfata ce a jikin tata a bakin ruwan garinmu Punta Cangreja. Tana suyar kifi, ina suyar agada, hayaƙi ɗaya muke sha tun gashinmu yana baƙi. Ni na riƙe ɗanta Amaurys ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre, shi kuma yake ce mini madrina. Saboda haka ina da bakin faɗin abin da zan faɗa.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Tana sabon aure, mijinta marigayi Nicanor ya kawo wani ƙaton kifi da muke kira mero daga bayan duwatsun murjani. Ta yi abin da kowace mace a garinmu take yi da babban kifi, ta yanki hanta ta jefa wa kyanwa, don in kifin na ɗauke da dafin nan na manyan kifayen duwatsu, jikin kyanwa zai fara nunawa. Kyanwa ta cinye, ta lashe baki, ta yi miƙa, ta zagaya bayan gida abinta. Nicanor ya zauna ya cika tumbi. Rana na karkatawa sai ga shi yana birgima a ƙasa. Ruwan sanyi ya koma masa wuta a baki, ƙaiƙayi ya hana shi zama, ya rantse haƙoransa rawa suke yi, daga baya kuma gashin kansa ya zube bai ƙara leƙowa ba. Ita Casilda cikin Amaurys ne ya cece ta, don lokacin ko warin kifi ba ta so. Kyanwar kuwa a ƙarƙashin wani tsohon kwalekwale aka gano ta, tana nata aman a ɓoye.

Daga ranar ta sallami kyanwa daga aiki. "Munafuka ce," in ji ta. "Ta san abin da ta ji, ta je ta ɓuya ta bar mini miji." Ta gwada tururuwa, ta ce ba su da hankali, ko me aka ajiye sai sun hau. Sai wata tsohuwa ta tuna mata maganar mutanen da, wai kifin da tsutsa ke zaune a cikinsa da ranta ba shi da dafi. Casilda ta riƙe wannan magana fiye da yadda ta riƙe karatun coci. Takan ce kyanwa baƙuwa ce, tsutsa kuwa a ciki ta kwana ta tashi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kifin duwatsu da na lungun teku bai cika rasa tsutsotsi ba. Akwai jar nan doguwa mai kama da zare, da ke kwanciya cikin ƙwan mero. Akwai farar ƙarama da ke naɗewa kamar gammo a jikin hanta. Casilda ta san ɗakin kowacce. Sai ta farke ciki, ta sa yatsa ta zaro, ta ɗora a wani ɗan farantin tangaran mai furanni da ta ware don wannan aiki kaɗai. Mai shaida take kiranta. In ta motsa, sai Casilda ta washe baki ta miƙa wa mai saye farantin har hanci, ta ce, "Ka gani? Lafiyarta ƙalau. Kai ma haka za ka tashi gobe." Sannan ta wanke kifin da lemun tsami, ta soya shi har ƙayarsa ta tauno.

Mu 'yan gari mun saba, gwano ba ya jin warin jikinsa. Masunta kan leƙo su ce, "Doña, yau da shaida?" Baƙi masu zuwa wankan teku su ne ke shan wuya. Da idona na ga wani Bature ya ruga ya bar takalmansa a gaban rumfar. Likitar garinmu ta gaya mata ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, cewa tsutsa ba ta san komai a kan dafi ba, kifi ɗaya na iya ɗaukar duka biyun, kuma wuta na kashe tsutsa amma ba ta taɓa dafi. Casilda ta ce, "To, likita," ta ci gaba da abinta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ni ma ban yarda da tsutsar ba, na sha faɗa mata, amma kifinta nake ci.

Amaurys ya girma ya tafi birnin Santiago, ya zama mai gyaran firji, ya ga wata yarinya Yuderka ya ce in ba ita ba sai rijiya. Ubanta Don Radhamés mai kantin magani ne, mutum mai sanyin hali. Uwarta Doña Fiordaliza kuwa ba ta son auren, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ba za ta ce uffan ba sai ta ga gidan da yaron ya fito. Aka sa ranar Lahadi.

Tun jajibiri Amaurys ya iso, ya kife bokiti ya zauna a gaban uwarsa.

"Mama, abu ɗaya nake roƙo. Kar ki nuna musu tsutsa."

"To me zan nuna musu? Giɓina?"

"Ki ba su abinci kawai kamar kowa. Matar nan dalili take nema. In ta ga farantin nan, na rasa Yuderka."

"Farantin da ya raine ka har ka yi gemu?"

"Don Allah, Mama. Madrina, ke ma ki sa baki mana."

Na sa baki. Ta dube shi, ta gicciya yatsu ta sumbata ta rantse: ba tsutsa, ba faranti, ba maganar dafi a gaban baƙi. A ranta ta riga ta gama shiri. Za ta gana da mai shaidarta a bayan gida, su biyu, ta jefar ba wanda ya ji.

Sai dai duk gari ya san da zuwan surukai, kuma kowa na son Amaurys. Melanio, babban masuncinmu, ya kawo gudummawar mero mafi kyau da ya taɓa shiga komarsa. Da sassafe ta farke shi a bayan gida, ina riƙe mata kwano. Hanta sumul. Ƙwai rawaya tas, ko zare babu. Ta bi hanji da yatsa daga farko har ƙarshe, ta ɗauko tabaran Nicanor ta sake bi.

"Comadre, na shiga uku. Kifin nan ba kowa a cikinsa."

"To ai shi ake so, Casilda. Lafiyayye ke nan."

"Kyan ɗan maciji dai. Gida mai kyau haka a ce ko ɗan haya babu? Da dalili."

Ta zura silifa ta bi kwalekwale ɗaya bayan ɗaya tana cigiyar kifi mai tsutsa. Lahadi ce, kaɗan suka fita, su ma sai 'yan mitsi-mitsin da ake soya wa yara suka samo. Melanio ya ji haushi. "Haba Doña! Na zaɓo miki amarya cikin kifaye, ke kina neman mai ƙwarƙwata?" Kaza kuwa ba ta taso ba. Amaurys ya riga ya cika baki a Santiago kan meron uwarsa cikin madarar kwakwa, kuma a zo gidan masunta a ci kaza zagi ne.

Ta dawo ta ɗora meron a tukunya, ƙamshi ya tashi har ƙofar coci. Daga nan ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta zuba wa kanta kan kifin da hanta da ƙwai, inda dafi ya fi taruwa in akwai shi, ta zauna ta cinye tas.

"Ke Casilda, me kike yi haka?"

"Tunda na kori kyanwa, ai sai in riƙe aikinta. Nicanor bai fara murɗawa ba sai da inuwar bishiyar nan ta taɓa shinge. In na kai lokacin ina tsaye, su ci. Kika kuma gaya wa yaron nan, ba ni ba ke."

Na zage ta iya zagi, don tsoro na ji na gaske. Amma abin da ya shiga ciki ya riga ya shiga.

Da hantsi baƙi suka iso. Ta tarbe su hannu bibbiyu, ta zaunar da su a inuwa, ta kawo musu gahawa. Ita kuma ta zauna gabansu da kofin ruwan ƙanƙara a hannu. Can da can sai ta kai shi leɓe, ta rufe ido, ta yi jim tana jiran ko zai ƙone ta, ta sauke. A ƙasarmu in rana ta take tsaka ko ɓarawo ajiye kaya yake ya ci abinci, amma rana ta take ta wuce, tukunya na rufe. Ta sake kawo gahawa. Ta fito da hotunan baftisma. Ta ba su tarihin kowane kwalekwale da Nicanor ya taɓa mallaka, har wanda ya nutse. Na soya agada na kai, suka share, sai ta ƙara buɗe musu ciki. Hanjin Don Radhamés ya fara kuka, bawan Allah yana rufewa da tari.

Amaurys ya biyo ni kicin yana zufa. "Madrina, me ake jira?"

"Kifi bai sha kwakwa ba."

"Tun safe? Ai ko dutse ne ya sha!"

Ana haka sai Casilda ta sosa hannu sau ɗaya, ta daskare. Ta kira ni da irin raɗarta da ake ji har titi. "Comadre! Zo ki duba. Cizo ne, ko daga ciki yake?" Na duba na ga ɗan kumburi, na ce sauro ne. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya yi wa sauro albarka!" Doña Fiordaliza ta jawo jakarta ta rungume.

Ba a daɗe ba ta miƙe tsaye. "Radhamés, tashi. Yuderka, wuce mota. Mun gane. In ba a son baƙo ba sai an faɗa da baki ba. Tun hantsi ana turara mu da ƙamshi, an mai da mu 'yan kallon shan ruwa."

Amaurys ya dubi uwarsa kamar zai yi kuka. Ita kuma ta dubi inuwa, da sauran tafiya kafin shinge. Ta buɗe baki, ta tuna rantsuwa, ta rufe. Ina kallo auren yaron nan zai bi su mota. Ni ban sumbaci yatsa ba, kuma ba yau Casilda ta fara cewa ba ita ba ni ba. Na fito da matsami a hannu na zazzage musu komai, tun daga Nicanor da kyanwa, da tsutsa da farantinta, har kan kifin da hantar da ke cikin matar nan tun safe.

Amaurys ya rufe fuska da hannu biyu. Don Radhamés ya gyara murya ya ce a hankali, "Doña, kar ki ji haushi, amma tsutsa ba ta nuna komai. Ko wannan da kika yi ma ba tabbas ba ne."

"An sha gaya mini, Don. To ni ba ni da wani abin awo sai cikina."

Doña Fiordaliza ta koma ta zauna, jakar na hannunta har yanzu. Ta juyo wajen Casilda.

"Da kin ji wutar a bakinki fa?"

"Da comadre ta soya muku ƙwan kaza, ku koma gida lafiya."

"Ke kuma fa?"

"Ni sai in kwanta. Ai ba ni za a aura ba."

Doña Fiordaliza ta ajiye jaka a ƙasa. Ta tambayi ina inuwar za ta kai, aka nuna mata shinge, ta ce, "To mu jira." Ta jawo kujerarta kusa da Casilda, ta sa mata ido, in ta ga hannu ya nufi susa sai ta riga ni dubawa. Mu duka muka zauna muna gadin inuwa da yunwa, ba mai cewa komai sai cikin Don Radhamés.

Da inuwar ta taɓa shinge, Casilda ta ɗaga kofi ta shanye, ta ce, "Sanyi ƙalau." Na kawo tukunya da gudu. Doña Fiordaliza ta karɓi ludayi daga hannuna, ta cika faranti da kanta, ta ajiye gaban 'yarta.

"Ci, Yuderka," ta ce, tana nuna Casilda da ludayin. "Uwarki ta riga ta ɗanɗana miki."